Sanya Asibitocinmu a Taswirar Waya: Aikin da Ke Gaban Kambaza, Gwandu da Kalgo

Idan dai ba a manta ba, a watan Maris na shekarar 2025 ne Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta tabbatar da ɓarkewar cutar sanƙarau a wasu ƙananan hukumomin jihar, inda ta bayyana cewa mutum 248 ake zaton sun kamu da cutar, 26 kuma sun riga mu gidan gaskiya. Daga cikin waɗanda suka rasu a wancan lokaci, 15 daga Ƙaramar Hukumar Gwandu suke, 6 daga Jega, 4 daga Aliero, 1 kuma daga Argungu. An ware wuraren kwantar da masu cutar a Gwandu da Jega da Aliero, sannan a watan Afrilu na shekarar aka shigo da allurar rigakafi sama da miliyan ɗaya cikin ƙasar nan domin jihohin da annobar ta fi shafa, ciki har da Kebbi da Sakkwato.

An yi ta sharhi a kan magunguna da allurai da kuɗin da aka fitar, kuma duk sun cancanci sharhi. To amma akwai wata tambaya da ba a cika ɗagowa ba, wadda ita ce ke fara fuskantar magidanci a daren da zazzaɓi ya rufe ɗansa, wuyansa kuma ya sanƙare: ina za a kai shi? Wace cibiya ce a buɗe a wannan lokaci, wa za a kira, kuma ta wace hanya za a bi? Masana lafiya sun tabbatar cewa sanƙarau na iya kashe mutum cikin kwana ɗaya idan ba a fara magani ba. A irin wannan hali, sa'a biyu da aka ɓata ana yawo daga ƙofar da ke rufe zuwa wata ba ƙaramar asara ba ce.

Wannan sharhi zai duba wani ɓangare na amsar wannan tambaya, wato yadda za a sa cibiyoyin lafiya na yankin Kambaza da sauran mazaɓun Gwandu da Kalgo su riƙa bayyana daidai ga duk wanda ya neme su a wayar salula. Aiki ne da bai buƙatar kwangila ko kasafin miliyoyi, amma yana buƙatar a ɗora shi a wuyan wani jami'i takamaimai, a kuma riƙa bibiyarsa.

Jinkiri uku

Tun a shekarar 1994 masu bincike kan mutuwar mata wajen haihuwa suka fito da bayanin da ma'aikatan lafiya suka sani da jinkiri uku. Na farko shi ne jinkirin yanke shawarar fita neman magani. Na biyu, jinkirin isa cibiyar da ta dace. Na uku kuwa, jinkirin samun kulawa bayan an isa. Rashin sahihin bayani yana da hannu a biyun farko. Mutumin da bai tabbatar zai tarar da ma'aikaci ba yakan ce a bari gari ya waye, wanda kuma ya fita ba tare da sanin inda ake yin aikin da yake buƙata ba yakan ƙare a wurin da za a sake tura shi gaba.

Alƙaluman da aka taɓa fitarwa kan jiharmu sun isa su sa kowa ya natsu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a wancan lokaci kashi 7 cikin ɗari kacal na haihuwa a Jihar Kebbi ake yi a asibiti, kuma yara 252 cikin kowane 1,000 ba su kai shekara biyar a duniya. Dalilan haka suna da yawa, daga talauci da nisa da ƙarancin ma'aikata zuwa al'ada, kuma babu mai hankalin da zai ce taswirar waya ce maganinsu. Abin da za a iya cewa shi ne, cikin waɗannan matsaloli, ta rashin bayani ce ta fi sauƙin gyara, ita ce kuma mafi arha.

Yankin da ake magana a kansa ba ya cikin waɗanda ba su da cibiyoyi. Akwai babban asibiti a Gwandu, akwai a Kambaza, ga kuma babban asibitin jiha da ke Kalgo, wanda aka sani da Kebbi Medical Centre. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, da asibitin tarayya da aka ɗaga darajarsa zuwa na koyarwa, da cibiyar Gesse mai kula da mata masu yoyon fitsari. A ƙarƙashin waɗannan akwai cibiyoyin lafiya matakin farko da ɗakunan shan magani da ke warwatse a mazaɓu. Ƙidayar 2006 ta ba Gwandu mutum sama da 150,000, Kalgo kuma kimanin 85,000, kuma kowa ya san adadin ya ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Jama'a masu wannan yawa ba za su dogara ga ji-ta-ji-ta kaɗai wajen sanin wace cibiya ke yin me ba.

Darasin shan inna

Batun taswira a harkar lafiya ba baƙo ba ne a Arewa. Shekaru da dama ana yaƙi da cutar shan inna ta hanyar taswirorin da ma'aikata ke zanawa da hannu, ana kuma mamakin yadda cutar ke sake ɓullowa a wuraren da aka ce an gama yi wa yara ɗigo. Daga wajajen shekarar 2012 aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan Adam wajen zana garuruwa da ƙauyuka a jihohin Arewa, aka kuma riƙa bai wa masu rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Nan ne aka gano tungaye da rugage da ba su cikin jerin kowa, saboda sun faɗa tsakanin mazaɓa da mazaɓa, kowane ɓangare na zaton na ɗayan ne. Da aka shigar da su cikin lissafi sai ɗigon ya isa gare su. An ga mai ɗauke da ainihin ƙwayar cutar na ƙarshe a Nijeriya a Jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka bayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ita.

Darasin a fili yake. Ƙauyen da ba ya cikin taswira, ma'aikaci ba ya zuwa wurinsa. Yanzu kuma abin ya juya: cibiyar da ba ta cikin taswira, ko take ciki da bayanin da ba daidai ba, mai neman ta ba zai same ta a kan lokaci ba.

Rajista iri biyu

Ya kamata jami'an ƙananan hukumomi su bambance wurare biyu da sunan cibiya ke shiga. Na farko shi ne rajistar gwamnati. Tun daga 2017 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke da kundin cibiyoyin lafiya na ƙasa a yanar gizo, wanda ya ƙunshi cibiyoyi wajen 40,000 na gwamnati da masu zaman kansu, kowace da lambarta da mazaɓarta da matakinta. Haka kuma shirin GRID3, wanda ya gaji aikin taswirar shan inna, yana tattara wuraren da cibiyoyi da ƙauyuka suke a duk jihohin ƙasar nan. Da irin waɗannan bayanai ake tsara rabon allurai da gidajen sauro da kuɗi.

Maganar kuɗi a nan ba ƙarama ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, aka kuma fara sanya shi a kasafin 2018. An gina tsarin a kan samun aƙalla cibiya guda mai aiki a kowace mazaɓa, kuma Jihar Kebbi tana da mazaɓu 225 a ƙananan hukumomi 21. A watan Disamba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta bayyana ƙudurin ninka yawan cibiyoyin da ke amfana, daga kimanin 8,800 zuwa sama da 17,000 kafin ƙarshen 2027. Duk cibiyar da bayananta suka rikice a kundi, ko aka rubuta ta da suna biyu, ko aka ajiye ta a mazaɓar da ba tata ba, tana iya zama a baya idan an zo zaɓe.

Wuri na biyu shi ne wanda talaka ke gani, wato taswirar da ke cikin wayarsa, musamman Google Maps, da kuma shafukan Facebook da saƙonnin WhatsApp. Babu wani magidanci da zai buɗe kundin ma'aikata da tsakar dare. Abin da zai yi, ko ɗansa ko maƙwabcinsa mai babbar waya ya yi masa, shi ne ya rubuta ko ya furta "asibiti kusa da ni", ya ga abin da zai fito. Shiga kundin gwamnati ba ya nufin an shiga wannan taswira kai tsaye, domin kowanne da hanyarsa. Dole a yi aikin sau biyu, a kuma tabbatar bakinsu ya zo ɗaya.

Yadda waya ke zaɓen abin da za ta nuna

Kamfanin Google ya bayyana cewa abubuwa uku yake dubawa wajen jera wuraren da ke kusa da mai bincike. Na ɗaya shi ne dacewa, wato ko bayanin da aka rubuta game da wurin ya yi daidai da abin da ake nema. Na biyu nisa, wato tazarar da ke tsakanin wurin da mai neman. Na uku shahara, wato yadda aka san wurin, da yawan ambatonsa a wasu shafuka, da ra'ayoyin waɗanda suka taɓa zuwa. Nisa ba a hannun kowa yake ba, sai dai a tabbatar an dasa alamar cibiya a daidai ƙofarta. Sauran biyun kuwa aikin hannu ne.

A ƙasarmu matsalar dacewa daga suna take farawa. Gari ɗaya ana rubuta shi Aliero, ana rubuta shi Aleiro. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna rubuta Gwandu da Gando. Kamba da ke Ƙaramar Hukumar Dandi, can bakin iyaka, da Kambaza ta ƙasar Gwandu harufa biyu ne suka raba su, kuma wanda ya yi saurin taɓa abin da waya ta fara kawo masa zai iya samun kansa yana duba hanyar da ba tasa ba. Ga kuma Sabon Gari da Tungar wane da Unguwar wane da ake samu a kusan kowace ƙaramar hukuma. Bayan haka, allon asibiti da Turanci yake, alhali jama'a da Hausa suke kiransa, wani lokaci ma da sunan unguwa ko na wanda ya gina shi. Na'ura ba ta san cewa duk abu ɗaya ake nufi ba sai an gaya mata.

Wani abin lura shi ne, tun daga watan Oktoba na 2024 Google ya sanya Hausa cikin harsunan da ake iya yin bincike da murya da su. Ma'anar wannan ita ce, wanda bai yi boko ba ma yana iya danna waya ya yi tambaya da bakinsa. Sai dai amsa ba za ta wuce abin da aka zuba ba. Idan babu inda aka rubuta kalmomin awo da haihuwa da rigakafi da tamowa a bayanin cibiya, mai tambaya da Hausa zai iya wuce ta ba tare da ya sani ba.

Abin da za a yi a aikace

Kowane mai wayar zamani yana iya ƙara wurin da babu a taswira, ko ya ba da shawarar gyara wanda aka yi kuskure, kamfanin kuma ya duba kafin ya amince. Haka nan kowace cibiya na iya buɗe shafin bayaninta a kyauta, ta mallake shi bayan tantancewa, wadda a yanzu sau da yawa ta hanyar ɗaukar ɗan gajeren bidiyon wurin ake yin ta. Abin da ya kamata sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Gwandu da na Kalgo su yi, tare da Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jiha, shi ne su mai da wannan aikin ofis, kada a bar shi ga sa'a.

Mataki na farko shi ne a tsayar da suna guda ga kowace cibiya, wanda zai zama iri ɗaya a allo da kundin ma'aikata da taswira, tare da sunan gari da na ƙaramar hukuma. Sunan da jama'a suka saba da shi kuma a sanya shi cikin bayani. Mataki na biyu, jami'i ya je da ƙafarsa ya tsaya a bakin ƙofa ya dasa alamar, domin alamar da aka dasa daga ofis takan faɗa tsakiyar gari ko cikin gona. Tun da yawancin ƙauyukanmu ba su da sunan titi ko lambar gida, akwai gajeriyar lambar wuri da taswirar ke bayarwa, mai suna Plus Code, wadda za a iya rubutawa a jikin allo a kuma aika wa direba ta saƙon waya.

Mataki na uku shi ne lambar waya. Ya kamata ta zama ta cibiya, tana hannun wanda ke bakin aiki, da caji da kuɗi a cikinta. Lambar ma'aikaci ta ƙashin kansa takan tafi da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, jama'a su yi ta kiran mutumin da ya koma wata ƙaramar hukuma. Haka abin yake ga mabuɗin shafin: a buɗe shi da adireshin ofis, a ajiye kalmar sirri a wurin shugaban sashen lafiya, a kuma sanya shi cikin kayan da ake miƙawa idan an yi canjin shugaban cibiya, kamar yadda ake miƙa makullin ɗakin magani.

Na huɗu, a rubuta ayyukan da ake yi dalla-dalla, da Hausa da Turanci: ranar awo, ranar rigakafi, ko ana karɓar haihuwa da dare, ko akwai gwajin jini, ko ana ba da abincin yara masu tamowa, ko cibiyar na karɓar masu rajista da hukumar KECHEMA. A manyan asibitoci a fayyace inda ake tiyata da ƙarin jini. A watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa galihu tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka tantance. Irin wannan shiri ba ya amfanar matar da danginta ba su san asibitin da ke cikinsa ba. Na biyar, a sanya hoton ƙofa da na allo da na mararrabar da ake karyawa, domin baƙo ya gane wurin ko da dare ne.

Akwai iyakar da ba za a ƙetare ba. Hoton majiyyaci ko sunansa ko bayanin ciwonsa ba abin sakawa ba ne a kowane shafi. Dokar Lafiya ta 2014 ta wajabta rufe sirrin majiyyaci, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ƙara tsaurara hakan. Haka nan ƙa'idojin aikin likita sun hana tallata kai da yi wa mutane alƙawarin waraka. Faɗin suna da wuri da lokacin aiki sanarwa ce ga jama'a, kuma a nan ya kamata cibiya ta tsaya.

Gaskiya kafin bayyana

Hatsarin da ke cikin wannan aiki shi ne a mai da shi na burge manya. Abu ne mai sauƙi a rubuta cewa cibiya na aiki dare da rana saboda haka takarda ta ce, alhali ungozoma ɗaya ce a wurin, ita ma sai ta kwana a gidanta. Wanda ya ɗauko mai naƙuda a kan babur saboda abin da ya gani a waya, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, an cuce shi fiye da wanda ba a gaya wa komai ba. Ba zai sake yarda da bayanin ba, kuma zai gaya wa duk majalisarsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan ƙarfe huɗu na yamma ake tashi, a rubuta ƙarfe huɗu, a kuma ƙara da sunan asibitin da za a nufa bayan wannan lokaci.

Wannan gaskiya tana da wata fa'idar ga hukuma kanta. Ranar da aka jera cibiyoyin mazaɓu goma na Gwandu, kowace da ainihin lokacin aikinta, za a ga a fili yankunan da ba su da inda za su je da dare. Wannan hujja ce da kansila ko shugaban ƙaramar hukuma zai iya ɗauka ya kai gaba yayin neman ƙarin ma'aikata. Ra'ayoyin da jama'a ke rubutawa a shafin cibiya ma haka suke. Wasu za su zo da zafi, amma jami'in da ya karanta su da idon basira ya kuma amsa cikin ladabi zai san abin da rahoton wata-wata ba ya faɗa masa. Sayen yabo ko sa 'yan uwa su rubuta na ƙarya kuwa ya saɓa wa ƙa'idar kamfanin, yana kuma iya jawo a rufe shafin.

Masu kamis da masu maganin gargajiya

Kowa ya san cewa a karkara mai kamis ne ake fara zuwa wurinsa kafin asibiti, ga kuma wanzamai da masu ɗori da ungozomar gargajiya da masu sayar da magungunan Musulunci. Da yawa daga cikin 'yan kasuwar magani sun riga hukuma gane amfanin waya. Kullum ana ganin bidiyon masu iƙirarin warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da kwalba ɗaya, da lambar waya a rubuce ɓaro-ɓaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Matuƙar mai bincike bai ga asibitin garinsa ba, abin da zai gani ke nan.

Hanyar da ta dace ita ce a jawo masu bin doka a jiki. Mai kamis da ke da lasisin hukumar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa, da asibiti mai zaman kansa da Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta yi wa rajista, su ma a taimaka musu su shiga taswira, da sharaɗin kowa ya bayyana matsayinsa na gaskiya. Kamis kamis ne, kada a rubuta shi a matsayin asibiti. Maganin gargajiya da aka ƙulla don sayarwa yana buƙatar lambar hukumar NAFDAC, tallarsa ma sai da izininta. Ƙungiyoyin waɗannan masu sana'a za su iya taka rawa babba idan kowane mamba ya liƙa lambar asibiti mafi kusa a shagonsa, ya kuma san alamomin da ba a tsayawa da su: sanƙarewar wuya, jijjiga, zubar jini ga mai ciki, da naƙudar da ta daɗe.

Wanda ba shi da babbar waya fa?

Za a iya cewa mafi yawan mutanen karkara, musamman mata da dattawa, ƙaramar waya ke gare su ko ma babu, kuma akwai wuraren da sabis ba ya kaiwa sosai. Wannan gaskiya ne. Amma bayani ba ya buƙatar kowa ya same shi da hannunsa. A kowane ƙauye akwai malamin makaranta, da mai cajin waya, da ɗan kabu-kabu, da ɗalibin da ya dawo hutu, kuma su ake tasa idan abu ya faru. Ga ɗan gari da ke ci-rani a Legas ko Abuja, wanda ake bugo wa a ce jikin mahaifiyarsa ya tashi, shi kuma daga can yake neman inda za a kai ta. Ga direban da ya zo daga wata jiha ya yi haɗari a hanyar Kalgo zuwa Jega. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke mazauninta na Kalgo, waɗanda da yawansu baƙi ne a yankin.

Bugu da ƙari, jerin da aka tantance domin taswira shi ne za a buga a takarda guda, da boko da ajami, a liƙa a masallatan Juma'a da tashoshin mota da kasuwanni da ƙofar fadar uban ƙasa. Shi ne za a bai wa gidan rediyo da sankira da limamai. Shi ne kuma za a miƙa wa shugabannin direbobi, domin a jihohin Arewa da dama ƙungiyar direbobi ta daɗe tana da tsarin kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Direbobin nan suna da ilimin da na'ura ba ta da shi. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa ta kuma yanke hanyoyi da gadoji a jihar nan ta nuna cewa hanyar da waya ta ce ita ce mafi kusa tana iya zama ƙarƙashin ruwa a watan Satumba. Saboda haka taswira ta faɗi inda cibiya take, ɗan gari kuma ya faɗi ta inda za a bi.

Wa zai ɗauki nauyi?

Aikin kowa da kowa shi ne aikin da ba a yi. Shawarar da ta fi dacewa ita ce shugaban sashen lafiya na kowace ƙaramar hukuma ya ɗora wa jami'in tattara bayanai alhakin wannan jeri, shugaban kowace cibiya ya sa hannu a kan bayanin cibiyarsa, kwamitin raya mazaɓa kuma ya zama shaida cewa abin da aka rubuta haka yake a ƙasa. Iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni su ne za su warware rikicin sunaye, domin su suka san wace tunga ce ta wa. A riƙa sake duba jerin duk bayan wata uku, a lokacin da ake zagayen duba cibiyoyi, yadda ba sai an ware wata tafiya ta musamman ba.

Lokacin sanƙarau sananne ne. Yakan fara da shigowar hunturu, ya yi ƙamari a bazara, ya lafa idan ruwa ya sauka. Na amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro kuma damina ce. Ke nan akwai damar a kammala jerin kafin watan Disamba, a kuma tanadi yadda za a ƙara wurin kwantar da masu annoba a cikinsa a ranar da aka buɗe shi, a cire shi ranar da aka rufe. Mazaɓar Kambaza, da ke da babban asibiti da ƙauyuka kewaye da shi, ta dace a fara gwaji da ita, sauran mazaɓun Gwandu da Kalgo su ɗauki darasi.

Daga ƙarshe, akwai gwajin da kowane kansila, da kowane shugaban cibiya, da kowane mai karanta wannan shafi zai iya yi a yau. Ya ɗauki waya ya nemi asibitin garinsu da sunan da jama'a ke kiransa. Ya duba ko ya fito, ko alamar na daidai wurin, ko lokacin aikin da aka rubuta gaskiya ne, sannan ya kira lambar ya ji ko za a ɗauka. Duk abin da ya tarar ba daidai ba, ya kai wa shugaban cibiyar ko kwamitin mazaɓarsa, ya kuma sake dubawa bayan mako biyu. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya jiƙan waɗanda annobar ta ɗauka.